Idan aka sace wayarka, banki za ka fara rufewa

Ɓarawon da ya fizge waya a kasuwa ko a tashar mota, sau da yawa ba kuɗin wayar ne ya dame shi ba. Layin da ke cikinta yake nema. Zai cire sim ɗin ya sa a wata ƙaramar waya, ya danna *565*0#, nan take BVN ɗinka mai lamba 11 ta fito masa. Saƙon banki na farko da ya shigo zai gaya masa inda kake ajiya da abin da ya rage. Daga nan duk lambar OTP, wato lambar sirri ta amfani sau ɗaya, da banki ko kamfanin ba da rance ya turo, hannunsa za ta faɗa, domin a wurin na'ura duk wanda ya riƙe layin shi ne kai.

Shi ya sa nake ganin kuskure ne mutum ya fara rugawa caji ofis ko ofishin kamfanin waya. Banki ne kan gaba, kuma ba sai ka je reshe ba. Ari wayar wanda ke kusa da kai ka danna lambar rufe asusu: ta Access *901*911#, ta Zenith *966*911#, ta First Bank *894*911#. Za a tambaye ka lambar wayar da ke haɗe da asusun, sai a dakatar da fitar kuɗi har ka je da kanka a buɗe. Nemo ta bankinka tun yau ka rubuta a takarda, don wadda ka ajiye cikin wayar ta tafi da ɓarawo. Kuma kowane asusu za ka rufe, har da irin su OPay da PalmPay da Moniepoint da mutane ke mancewa da su.

Sai layi. Kira kamfanin su toshe shi, sannan ka je da NIN ɗinka su ba ka sabon sim da tsohuwar lambarka. Da sabon ya fara aiki, na hannun ɓarawo ya mutu. Wani lokaci ma ba a taɓa wayar ba, sai dai ka ga sabis ya ɗauke gaba ɗaya alhali na kusa da kai masu layi irin naka suna kira. Kada ka zauna jiran sabis ya dawo. Mai yiwuwa wani ne ya karɓi sabon sim da sunanka.

In kuɗi ya riga ya fita, sauri ne kawai zai ceto wani abu. Ɓarayi ba sa barin kuɗi ya kwana wuri ɗaya. Suna rarraba shi zuwa asusu da yawa, su cire ta hannun masu POS. Je banki ka karɓi bayanin shige da ficen asusunka, ka nemi lambar shaidar kowane turi, wadda take da lamba 30, ka buƙaci su sanar da bankin da kuɗin ya sauka ya daskare asusun can. Ka kai ƙorafin a rubuce, ka karɓi lambar bin diddigi. Ƙorafin baki ba ya barin shaida. Idan mako 2 ya wuce ba a warware ba, kana da ikon kai ƙara sashen kare haƙƙin abokan hulɗa na Babban Bankin Najeriya. Rahoton 'yan sanda da takardar rantsuwa ta kotu su zo bayan wannan, kuma ka adana su sosai, don su ne za su nuna ranar da layin ya bar hannunka.

Amfaninsu yana fitowa ne bayan watanni, ranar da wani kamfanin rance ya fara kiran ka, yana kiran 'yan'uwanka, a kan bashin da ba ka ci ba. Kada ka biya ko kwabo don a ƙyale ka, domin biyan zai zama kamar ka amsa bashin. Dokar bayanan bashi ta 2017 ta ba ka damar karɓar rahotonka kyauta sau ɗaya a shekara daga kamfanonin da ke riƙe da tarihin masu cin bashi: CRC da FirstCentral da CreditRegistry. Duk rancen da ba ka san da shi ba, rubuta musu ka musanta, ka haɗa da takardun nan. Kamfanin da ke ci maka mutunci kuwa, hukumar kare haƙƙin masu saye ta ƙasa, FCCPC, ce ke karɓar ƙararsa.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne bayanan da muke miƙawa da hannunmu. Mutum ya shigo unguwa ko ƙauye da sunan rajistar tallafi, ya karɓi NIN da BVN, ya ɗauki hoton fuska, ya ba da ɗan abin cefane ya wuce. Har mata da tsofaffi ana yi wa haka. Da waɗannan bayanan ake buɗe asusun da kuɗin damfara ke bi, kuma ranar da EFCC ta biyo sawu, sunan da ke kan asusun za ta fara nema. Ana iya sa BVN ɗin a jerin waɗanda ake tuhuma, harkar banki ta yi wa mai ita wuya. Ba wani banki ko hukuma da ke kira ya nemi PIN ko OTP ko lambobi 3 na bayan katin ATM.

Kariya mafi sauƙi ita ce sa wa sim ɗin kansa PIN daga saitin waya, daban da makullin allo. In aka sa shi a wata waya ba zai buɗe ba. Kuskure 3 ya kulle, sai da lambar PUK da ke jikin katin da sim ɗin ya zo a ciki, don haka ka ajiye katin a gida. Layin da ka daina amfani da shi kuma, je banki a cire shi daga asusunka da BVN ɗinka, saboda kamfanoni suna sake sayar da layin da ya daɗe a kwance, sabon mai shi ya riƙa ganin saƙonnin bankinka.