Godiyata ga mutanen Zango bayan zaɓen majalisar Asokore Mampong

Assalamu alaikum warahmatullah. Iyayena, malamaina, yayyena da ƙannena na Asawase, Aboabo, Sawaba a nan Kumasi, da duk inda wannan saƙo ya riske ku, ina gaishe ku da gajiya.

An yi zaɓen ƙananan hukumomi ranar Talata 19 ga Disamba, 2023, an ƙirga ƙuri'u a idon kowa, kuma Allah bai nufe ni da kujerar wakilcin mazaɓarmu ba. Haka ta kasance a 2019 ma. Alhamdu lillahi ala kulli halin. Na kira ɗan'uwana da ya yi nasara na yi masa murna, ina kuma roƙon duk wanda ya zaɓe ni ya ba shi haɗin kai. Ɗan unguwarmu ne, a masallaci ɗaya yake sallah da mazajenmu.

Mutanen waje ba su cika sanin nauyin da kuka ɗauka ba, shi ya sa zan faɗa. A Gana wannan zaɓe ba na jam'iyya ba ne. Babu lema, babu giwa, wato alamun manyan jam'iyyu, a takardar ƙuri'a, hotonka ne kawai da sunanka. Saboda haka babu wata jam'iyya da ta buga mana fosta ko ta biya kuɗin lasifika. Kowace takarda da kuka gani manne a bango, daga aljihun wani talaka ta fito.

Iyayena mata su ne na farko. Masu koko da ƙosai da ke tashi tun kafin kiran assalatu, masu wake da shinkafa, masu kasa kaya a kasuwar Kejetia. Kun ware sidi biyar, sidi goma daga cinikin da ko ku bai ishe ku ba, wasu suka turo ta momo, wato ta wayar salula, ba su ma bari an rubuta sunansu ba. Magajiyarmu ta riƙe hannuna ta shiga da ni gida gida, ta kai ni ɗakunan tsofaffin da ba sa iya fitowa, tana cewa, "Ga ɗiyarku, ku sa mata albarka." Wallahi in na tuna hawaye ne ke zubo mini. Allah Ya saka muku da Aljanna, Ya raya muku zuri'a.

Maigidana ya sha magana saboda ni. An tare shi a bakin masallaci an ce ya bar matarsa tana hawa dandamali tana magana gaban maza. Bai taɓa dawowa gida ya sauke mini fushin ba. Ranar da Hukumar Zaɓe ta tara 'yan takara domin kowa ya faɗi manufarsa, a layin gaba ya zauna. Alhaji, Allah Ya bar mu tare. Haka malaman da suka tsaya suka yi wa jama'a bayani cewa neman gyaran unguwa ba ya zubar da mutuncin 'ya mace, na gode, Allah Ya ƙara wa iliminku albarka. Waɗanda suka faɗi abin da suka faɗa a kaina kuwa, na yafe har zuciyata.

Samarin bes, wato majalisun hira na unguwa, masu pragya, wato babur mai ƙafa uku, da suka yi ta jigilar tsofaffi zuwa rumfar zaɓe ba su karɓi ko kuɗin mai ba, da wakilaina da suka wuni a rana har aka sa hannu a takardar sakamako: ƙannena, na ga abin da kuka yi.

Abin da ya fito da ni takara bai gushe ba. Duk damina ruwa na shiga ɗakunan mutanen da ke bakin rafin Aboabo, saboda magudanai sun toshe da leda da shara. Yara na bin layi a bayan gida na haya kafin su tafi makaranta. Fitilun titi sun mutu a lungunan da 'yan matanmu ke bi da dare daga makarantar Islamiyya. A zauren majalisar nan ake tsara kasafin waɗannan abubuwa. Ko shugaban ƙaramar hukuma da shugaban ƙasa ya naɗa, sai kashi biyu cikin uku na wakilan da suka kaɗa ƙuri'a sun amince da shi kafin ya hau kujera. Amma ranar zaɓen rumfuna fayau, mutanen da ke cika layi tun asuba a zaɓen shugaban ƙasa suna gida. Wannan ya fi rashin nasarata yi mini ciwo. Kuma mata a waɗannan majalisu 'yan ƙalilan ne a duk faɗin ƙasar, alhali mu ke kwashe ruwa da bokiti in ya shigo ɗaki.

Da yawa sun tambaye ni ko zan sake fitowa. Sai na yi shawara da iyalina da ku, na kuma roƙi zaɓin Allah. Amma 'yan matan da suka riƙa bi na da littafi suna rubuta koken jama'a, ina so in ga ɗaya daga cikinku ta karɓi fom nan gaba, ni zan riƙe mata jaka.

Lissafin duk gudummawar da aka tara yana hannun ma'ajinmu, ranar Asabar bayan la'asar za a karanta shi a gidan Magajiya, kowa na iya zuwa ya ji. Littafin koken kuma zan miƙa shi ga sabon wakilinmu da hannuna. Washegari Lahadi da safe za mu fita yasar magudanar bayan makaranta kamar yadda muka yi alkawari lokacin yaƙin neman zaɓe. Mai shebur ya zo da shi, mai baro ma haka.

Allah Ya zaunar da Zango lafiya, Ya zaunar da Gana lafiya. Na gode, na gode.

Taku har kullum,
'yar'uwarku.