Godiya ga waɗanda suka riƙe mana yara ranar da muka tashi

Assalamu alaikum 'yan uwa da abokan arziki. Alhamdulillahi, yau kwananmu tara da tarewa a Rigachikun, sai yanzu na samu zama. Tun 2016 muke gidan haya a Tudun Wada ta Kaduna, a nan na haifi yaran nan uku. Da lokacin tashi ya zo, kaya ba su dame ni ba kamar yadda yara suka dame ni: babbar shekararta 6, ƙaninta 3, auta kuma wata 10, ta fara rarrafe, duk abin da hannunta ya kai sai baki.

Direban kantar da ta kwashe mana kaya da 'yan dakonsa, Allah ya saka da alheri. Sawu biyu suka yi, ta baifas zuwa Mando, su ɓulle Kawo su kama hanyar Zariya, ko kofi bai fashe ba. Abin da ya fi burge ni da bawan Allahn nan, da zai yi baya a lungunmu sai ya kashe mota ya sauko, ya ce ba zai motsa ba sai an tattara yaran layin gaba ɗaya a zaure guda, ya gan su da idonsa. Wasu suna ta ƙorafin rana na yi, bai kula su ba.

Maƙwabciyata ta jikin katanga, Maman 'yan biyu, tun bayan asuba ta aiko aka ɗauki ƙananan biyu. Ta goya auta wuni guda, nono kawai take kawo mini ita in ba ta. Yaya, ban san da bakin da zan gode miki ba.

Duk da haka saura ƙiris a samu matsala, kuma sakacina ne. Wajen azahar yaron ya sulale ya dawo nemana. An jibge kayan kicin a tsakar gida, a ciki akwai robar lemo da nake zuba kananzir ɗin hura gawayi. Ina ɗaki ina naɗe labule na ji ihun almajirinmu. Ko da na fito, murfin robar yana ƙasa, yaron yana kuka an ƙwace masa "lemonsa", gaban rigarsa sai warin kananzir. Bai kai baki ba. Ƙafafuna suka kasa ɗaukata, na zauna a kan buhun masara ina ta salati. Almajirin nan da ke yi mana aike shekara uku ke nan, shi Allah ya sa a wurin. Allah ya ba shi Alƙur'ani, ya sa albarka a rayuwarsa.

Na kira ƙanwar maigidana, ma'aikaciyar jinya ce, ta sa na shinshina bakinsa, na cire rigar na yi masa wanka. Ta kuma faɗa mini abin da nake so kowace uwa ta ji: in yaro ya sha kananzir, kada a ɗura masa manja ko madara, kada a sa shi amai, domin haɗarin shi ne ya sauka huhu. Asibiti kawai za a nufa. Nan take muka tattara fiya-fiya da maganin ɓera da Hypo da magunguna da ashana da wuƙaƙe a bokiti mai murfi, babansu ya ajiye shi tsakanin ƙafafunsa a gaban mota.

Yayana kuwa kwana biyu kafin mu zo ya je ya duba sabon gidan. Rijiyar tsakar gida ba ta da murfi, ya kawo mai walda ya yi mata na ƙarfe da kwaɗo. Ya sa aka sare ciyawar bayan gida saboda damina ce, aka rufe soket biyu da wayoyinsu ke tsirara, aka yi feshi aka bar tagogi a buɗe har warin ya fita. Ni ban ma tuna da rijiyar ba.

Sai Hajiya, surukata. Babbar 'yata tun mako guda kafin tashi ta daina cin abinci sosai, ita ba za ta bar ƙawarta da Islamiyyarsu ba. Ni faɗa nake yi mata, gajiya ta yi mini yawa. Hajiya ta kira ta, ta miƙa mata jakar makarantarta ta ce, “Uwar ɗakina, zo ki haɗa naki kayan da kanki, ba mai taɓa miki.” Ta sa 'yar tsanarta da kofinta da hijabinta, ta rungume allonta. Sannan suka je gindin zogalen tsohon gida, Hajiya ta sari reshe ta ba ta, ta riƙe shi a cinya har Rigachikun. Kafin magariba sun dasa shi tare a bakin rijiya. Daren farko Hajiya ta hana a buɗe kowane kwali sai da aka ɗaura gidan sauro, aka shimfiɗa wa yara tsohon zanin gadonsu, ta yi musu tatsuniyar Gizo da Ƙoƙi har barci ya ɗauke su. Da yaron ya koma fitsarin kwance dare biyu, ita ta ce kada wanda ya tsawata masa, baƙunta ce, kuma ya daina. Jiya yarinyar ta shigo da gudu tana kirana in zo in gani, zogalenta ya yi toho.

Sababbin maƙwabta da suka aiko mana tuwo da miyar kuka tun ba su san sunanmu ba, da liman da ya shigo ya yi mana addu'a, mun gode, Allah ya bar zumunci. Mutanen Tudun Wada, wanda muka ɓata wa a zaman da muka yi ya yafe mana, mu mun yafe. Maman 'yan biyu, kulolinki biyu da zanin goyonki sun biyo kayanmu, ranar Juma'a in sha Allahu zan kawo su da kaina, 'yarki ma ta matsa sai ta zo ta ga ƙawarta.