Kafin ka kama fulat a Ikoyi ko Victoria Island

Ƙannena da Allah Ya fara buɗa wa a Legas, ko a harkar canji, ko aikin banki, ko fiton kaya daga Apapa, na san inda idonku yake: dogayen benayen nan na Ikoyi, Victoria Island da Lekki, masu lifta da wurin ninƙaya da masu gadi a ƙofa. Na zauna a ɗaya daga cikinsu, na fito da asarar da har yau nake jin zafinta, kuma ba na so ɗayanku ya bi sawuna.

Lokacin da na je neman gidan, kuɗin haya kawai na tambaya. Sai da na sa hannu sauran suka fito: kason ejen, kason lauya, kuɗin ajiya saboda ɓarna, sannan babbansu, kuɗin hidima. Daga cikinsa ake biyan masu gadi, gyaran lifta, tace ruwa, kwashe shara da kula da janareto. Haya tana da adadi a rubuce har shekara ta ƙare. Kuɗin hidima kuwa yana bin kasuwa, kuma ba kai ke yanke shi ba. Da dizal ya yi tashin gwauron zabi a 2022, takarda kawai aka turo mana cewa a cika. Da aka saki naira ta nemi farashinta a Yunin 2023, kayan gyaran lifta da na janareto, waɗanda duk daga waje ake shigo da su, suka bi dala. A Afrilun 2024 kuma aka ɗaga kuɗin wutar rukunin A, wato unguwannin da suka fi samun wuta, daga kusan naira 68 zuwa 225 a kan kowane yunit. Mai ɗaki a Agege in abu ya yi tsada sai ya kashe janaretonsa ya buɗe taga. Kai da ke hawa na tara ba ka da wannan damar, domin in wuta ta tsaya, lifta ta tsaya, famfo ma ya ƙafe. Don haka ka nemi a nuna maka lissafin hidima na shekarun baya, ka kuma tambayi wani mazaunin gidan, ba ejen ba, sau nawa aka ce su ƙara.

Na kuma ɗauka doka za ta kare ni. Dokar haya ta jihar Legas ta 2011 ta hana karɓar fiye da kuɗin shekara ɗaya daga sabon ɗan haya, amma ta tsame Ikoyi, Victoria Island, Ikeja GRA da Apapa. Da aka ce in kawo na shekara biyu, sai na zare daga jarina na bayar. Ɗan kasuwa ya san abin da hakan ke nufi: kuɗin da ya kamata su riƙa juyawa suna kawo riba sun kwanta a aljihun mai gida.

Kada ka duba gida da rani kawai. Ka koma a watan Yuni ko Yuli bayan an sheƙa ruwa, ka ga layin, ka leƙa wurin ajiye motoci na ƙasa. Waɗanda suka ga ambaliyar Yulin 2017 a Lekki da Victoria Island sun san yadda motoci suka nutse a ƙofar gidaje masu tsada.

Abin da ya fi ci mini rai ba kuɗi ba ne. Mu mutane ne masu baƙi. Ɗan'uwa zai taso daga Kano ko Sakkwato ya sauka a wurinka ba tare da sanarwa ba, kuma haka ya kamata. A can sai ka tura wa baƙo lambar shiga kafin a buɗe masa ƙofa. Kawuna, dattijo mai furfura, ya taɓa tsayuwa a bakin get cikin rana saboda wayata ba ta shiga. Da Babbar Sallah ta zo aka ce ba a shigo da rago harabar gida, balle yanka, sai da na kai layyata Obalende wurin abokai. Maiɗakina ta yi ta fama da kaɗaici: ba maƙwabciyar da za ta leƙa, biki ko suna a Idi-Araba kuwa sai an ƙetare gada an sha gosulo. Duk waɗannan ƙa'idoji suna cikin takardar da na sa wa hannu ban karanta ba. Ka karanta taka, ka auna nisan masallaci, ka kuma shawarci iyalinka tun kafin ka biya ko sisi.

In kuwa saye za ka yi, musamman gidan da ba a gama ginawa ba, ka tuna da benen nan mai hawa 21 da ya rufta a titin Gerrard da ke Ikoyi ranar 1 ga Nuwamba 2021, ya kashe mutum sama da 40. Ka ɗauki lauyanka na kanka, ba wanda mai ginin ya kawo ba. Ya je Alausa, inda ofisoshin gwamnatin jihar suke, ya binciki takardar mallakar filin da amincewar gwamna, ya kuma tabbatar hawa nawa aka ba da izinin ginawa kafin ka ba da kafin alƙalami.