Daga Winnipeg zuwa Thunder Bay: na je ganin jirgin da aka saya da kuɗin manoma

Ƙarfe biyar na asuba na ɗauki Baba a ƙofar otal ɗin da ya kwana a birnin Winnipeg na ƙasar Kanada, garin da sanyi sosai duk da Oktoba ce kawai, hunturun gaske bai ma shigo ba. Baba bature ne, manomin alkama a yammacin Manitoba, a gonarsa nake aikin tuƙa motar hatsi lokacin girbi, tun shekarar farko nake ce masa Baba har ya saba yana amsawa. Ɗiyarsa tana aure a Thunder Bay, garin tashar jiragen ruwa a bakin tafkin Superior, shi kuma idonsa ya daina ɗaukar doguwar tafiya, shi ne ya ce in kai shi. Kilomita kusan 700 ce, awa takwas in ba a tsaya ba, mu kam mun tsaya.

Da muka fita gari ƙasar shimfiɗe take kaman faifai, gonakin duk an girbe sai kututture, amma ba a yi awa biyu ba komai ya canza, duwatsu da tafkuna da dogayen itatuwa suka maye gurbin gona, ga alluna gefen titi ana gargaɗi a kan wata ƙatuwar dabba mai ƙaho wadda ta fi gwanki girma. A nan ne wani jirgin ƙasa na hatsi ya jera da mu, na fara ƙirga taragun har na wuce ɗari na haƙura. Baba ya nuna shi da haɓa ya ce duk inda za mu can za shi, daga can a zuba a jirgin ruwa, kuma ɗaya daga cikin jiragen nan da kuɗinsa aka saya ba a tambaye shi ba.

Toh daga nan zance ya ɓalle, har Kenora bai yi shiru ba.

A da akwai wata hukuma da ake kira Canadian Wheat Board, hukumar alkama ta Kanada, hedikwatarta a Winnipeg ɗin da muka baro. An kafa ta a 1935, daga 1943 kuma ya zama dole manomin alkama na yammacin ƙasar ita kaɗai zai sayar wa. Manitoba, Saskatchewan, Alberta da wani yanki na British Columbia, in dai alkama ce ko sha'ir da za a fitar waje ko mutane za su ci, ba ka da wani mai saye. Ka kai hatsinka a ba ka kuɗin farko, su haɗa na kowa wuri ɗaya su sayar a kasuwannin duniya, ƙarshen shekara su cire ɗawainiya su ba ka ciko. Kuma abin ba wasa ba ne, a 2002 an ɗaure wasu manoman Alberta su 13 a Lethbridge kan shari'ar tsallaka da hatsi zuwa Amurka ba da izinin hukumar ba.

A Fabrairun 2011 sai hukumar ta sanar cewa za ta sayi jiragen ruwa guda biyu na ɗaukar kaya a manyan tafkuna, dalar Kanada miliyan 65, za a ƙera su a Chaina. Kuɗin kuma daga asusun nan na manoma za a riƙa cira, kusan dala ɗaya a kowane tan har shekara huɗu. Baba ya ce a rediyon mota ya ji labarin yana kan hanyar sayen kayan gyaran tarakta, sai da ya faka gefen titi. Wai ba dala ɗayan ce ta ƙona masa rai ba, a'a, shi lokacin ya haura sittin yana tunanin ajiye noma, jirgi kuwa abu ne na shekara ashirin da ɗoriya, wato a yanki kuɗinsa yau ribar ta je wa wani gobe, kuma ba shi da ikon cewa na fasa na kai alkamata wani wuri. Manoman Alberta ma nasu ƙorafin ya fi ƙarfi, don yawancin hatsinsu yamma yake bi ta Vancouver, me ya haɗa su da jirgin tafkin gabas? Ƙungiyar Western Canadian Wheat Growers ta fito ta yi tir, ministan noma na lokacin Gerry Ritz shi ma ya soki abin a fili.

A Kenora muka tsaya bakin tafki na yi sallar walaha a kan ciyawa mai raɓa, Baba ya shiga Tim Hortons ya sayo mana shayi. Da muka koma mota na ce masa, Baba, ai dai ba mahaukata ba ne suka yanke shawarar, dole suna da hujja. Ya ce suna da ita mana, ƙanin matarsa ma har yau a kanta yake. Daraktocin hukumar su 15 ne, goma manoma ne suka zaɓe su, shugabansu Allen Oberg shi kansa manomi ne daga Alberta. Hujjarsu ita ce jiragen tafkin sun tsufa, gwamnati ta cire harajin kashi 25 na shigo da jirgi a 2010, kuma in jirgin naka ne kuɗin dakon aljihunka zai dawo, sun ce za a riƙa samun kaman dala miliyan 10 a shekara. Suka ƙara da cewa ai hukumar ta taɓa sayen taragun jirgin ƙasa kuma an ci moriyarsu. Baba ya ce duk ya ji, amma me ya hana a kawo maganar gaban manoma a kaɗa ƙuri'a?

Wallahi a nan jikina ya yi sanyi, don kakana na tuna. Manomin gyaɗa ne a ƙasar Kano zamanin dalar gyaɗa, mahaifina yana ba mu labarin yadda hukumar sayen amfanin gona ke yanke farashi, ejan ya zo da sikeli ya auna, abin da aka ba ka shi za ka karɓa, rarar kuma a ce an yi aikin raya ƙasa da ita. Wasu ayyukan an yi su kam, amma ba wanda ya taɓa zuwa ƙauye ya tambayi mai gyaɗar. A 1986 aka rushe hukumomin. Na ba Baba labarin nan tsakanin Dryden da Ignace, ya daɗe yana kallon titi sannan ya tambaye ni ko kakan nawa ya samu wani abu da aka rushe, na ce bai samu ba.

Ni dai a ganina Baba yana da gaskiya a kan tambayar. In ka tilasta wa mutum ya sayar maka kai kaɗai, to kuɗinsa amana ne a hannunka, ba jarin da za ka juya yadda ka ga dama ba, ko da niyyarka mai kyau ce. Sai dai abin da ya biyo baya ya fi ba ni takaici. A Satumban 2011 hukumar ta yi wa manoma ƙuri'a kan ko a bar ta da ikonta, kashi 62 na masu alkama suka ce a bari, na sha'ir kashi 51, gwamnatin firaministan lokacin Stephen Harper ta ce ba ruwanta da wannan ƙuri'ar, ta yi doka a Disamba, ranar 1 ga Agustan 2012 ikon ya ƙare. Ka ga su ma waɗancan manoman ba a saurare su ba kenan. A 2015 aka sayar da kashi 50.1 na abin da ya rage ga G3, haɗin gwiwar kamfanin Bunge da SALIC na Saudiyya. Jirgi ɗaya ya iso a shekarar da sunan CWB Marquis, aka mayar da shi G3 Marquis. Na biyun kuwa kamfanin da ke ƙera shi a Chaina ya karye, daga baya kamfanin jiragen ruwa na Algoma ya sayi jirgin.

Mun shiga Thunder Bay da la'asar sakaliya, agogo ya ƙara awa ɗaya a hanya. Manyan rumbunan siminti ne suka fara tarbarmu a bakin tafkin Superior, wasu suna aiki wasu an yi watsi da su. Tafkin nan ba ka ganin ƙarshensa, in ba a faɗa maka ba teku za ka ce.

Kwana biyu muka yi kafin ɗiyar Baba ta duba manhajar bin jirage a wayarta ta ce ga G3 Marquis nan zai fita da safe. Muka hau tudun Hillcrest Park, iska tana yanka kunne, ta miƙa wa mahaifinta madubin hangen nesa. Jirgin dogo ne siriri, kusan mita 225, an yi shi daidai ƙofofin mashigin ruwa na Welland da zai ratsa kafin ya kai kogin St. Lawrence, yana ɗaukar alkama kusan tan 30,000, ya nutse sosai saboda nauyin kaya. Hannun Baba yana rawa, sai na riƙe masa gwiwar hannu har ya saita. Ya kalla ya kalla, ya ce Marquis sunan irin alkamar da kakansa ya shuka ne lokacin da suka fara share gonar. Daga nan ya miƙo min madubin ya ce ɗana kalli kai ma, ya juya ya nufi mota a hankali, ni na tsaya har jirgin ya wuce bakin dutsen da suke kira Sleeping Giant.