Sabon mazaunina a Cody

Bayan na yi ritaya a birnin Denver na Amurka, na tattara komatsaina na koma rukunin gidajen dattawa a Cody, ƙaramin gari a jihar Wyoming kusa da gandun dajin Yellowstone. Sai wanda ya kai shekara 62 ake bai wa ɗaki, kuma hayar kashi 30 cikin ɗari ce na abin da mutum yake samu, abin da ya ja hankalina ke nan. Babu matakala, an kuma kafa ƙarfen riƙewa a banɗaki. Maƙwabciyata takan ƙwanƙwasa ƙofa da safe ta ji ko na tashi lafiya. Iskar hunturun nan dai ba ta da sauƙi, kuma Juma'a tana wucewa ban ji kiran salla ba.