Tarihin Rayuwata, Kashi na 9: Gidan Mahauci

Makon jiya na tsaya a inda aka ɗauke ni aikin rigakafin shan inna. A 2004 ne, ba a daɗe da gwamnatin Kano ta ɗage dakatarwar da ta yi wa rigakafin tun 2003 ba. Sai dai zukatan jama'a ba su kwanta ba. Ana ta yaɗa cewa ɗigon yana hana haihuwa, wasu kuma ba su manta da gwajin maganin sanƙarau da aka yi a kan yara a 1996 ba. Ni dai har yau ban ga laifin uban da ya ji tsoro ba.

Aka haɗa ni da wata tsohuwar ungozoma, Iya muke ce mata. A lungun da aka ba mu akwai gidan wani mahauci da ya gagari kowa. Waɗanda suka riga mu sun yi masa barazana da hukuma, ya ce ko sama da ƙasa za su haɗu ba mai taɓa masa yaro.

Iya ta sa na bar akwatin ƙanƙarar da muke ajiye maganin rigakafin a gidan mai unguwa. Muka yi sallama, ta cire takalmi, ta durƙusa a zaure, alhali ta haife shi.

"Malam, gaisuwa muka zo yi."

Ya ce, "Zazzaɓi ya ɗauke mini ɗa bara. A asibiti cewa aka yi in je in sayo magani. Sai wannan ne kyauta, har gida?"

Amsar da aka koya mana tana bakina, Iya ta danne mini hannu.

"Kana da gaskiya, Malam. Allah ya sa mai ceto ne."

Ta nemi izinin gaida mai jego. A ciki ta duba cibiyar jariri, ta gyara wutar ruwan wanka, ba ta ko ambaci ɗigo ba. Haka ta riƙa leƙawa. Rannan ta zo da jikarta a goye, ta ce in ɗiga mata a nan ƙofar gida, yana tsaye yana wasa wuƙa. Na ɗiga biyu, na shafa mata tawada a ƙaramin yatsa. Bai ce uffan ba.

Zagaye na gaba muna bakin lungu sai ga 'yarsa da gudu: "Baba ya ce Iya ta zo da akwatin." Da hannunsa ya riƙe haɓar ƙaramin, sannan ya aika a kira maƙwabcinsa.

Mu haɗu mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.