Abin da littafin ɓarna ya koya mini game da haɗurran adaidaita sahu a Kano

A ƙarshen watan nan zan miƙa makullai da littattafan da ke hannuna, in bar kamfanin da na daɗe ina yi wa aiki, ɗaya daga cikin kamfanonin da ke ba matasa adaidaita sahu a Kano bisa sharaɗin su riƙa kawo balas kullum har mashin ya zama nasu. Aikina shi ne riƙe littafin ɓarna, wato in rubuta mashin ɗin da ya yi haɗari, da abin da ya lalace, da kuɗin da bakanike da mai walda suka nema, da wanda za a ɗora wa biya. Ba don kare ran kowa aka buɗe littafin ba, an buɗe shi ne don kada kamfani ya yi asara. Amma mutum ba zai yi shekaru yana rubuta haɗurra ba tare da ya fara ganin kamanninsu ba, kuma tun da na ƙara wani layi a gefen shafi ina rubuta lokacin da abin ya faru da wurin da ya faru, ban sake iya kallon haɗari a matsayin abin da ke faɗowa daga sama ba.

Masu karatu a Kano sun san yadda muka zo nan. A zamanin Malam Ibrahim Shekarau aka shigo da waɗannan mashina masu ƙafa uku don ɗaukar mata, suka gaji sunan shirinsa na A Daidaita Sahu. Da gwamnatin Rabi'u Musa Kwankwaso ta hana acaɓa a watan Janairun 2013, bayan harin da aka kai wa marigayi Sarki Ado Bayero, sai nauyin jigilar gari duka ya koma kansu, dubban matasan da jiya suke kan babur suka wayi gari a kan abin hawan da ba a koya musu halinsa ba. Mashin mai ƙafa uku ba ya kwanciya a kwana kamar yadda babur ke yi, idan aka karya shi da gudu ƙafar baya ce ke ɗagawa ya kife, musamman idan an ɗora fasinja a gefen direba ko an ɗaure buhuna a sama. Yawancin kifewar da na rubuta daga nan take.

Abin da ya fi damuna shi ne lokaci. Haɗurran safe ƙanana ne, gogar jiki da fasa fitila a cinkoson Kantin Kwari da Singa da Sabon Gari, inda babu filin gudu ko mutum ya so. Munanan, waɗanda ke kai mutum Asibitin Murtala ko Asibitin Ƙashi na Dala, sun taru ne tsakanin la'asar sakaliya da magariba, a kan manyan titunan da ke fita daga gari: Titin Zariya wajen Na'ibawa da Unguwa Uku, Titin Katsina daga Kurna zuwa Rijiyar Lemo, Titin Haɗeja wajen Yankaba, da Titin Gwarzo, inda mai fita daga gari da yamma ke fuskantar rana ido da ido. A waɗannan tituna ne ɗan sahu ke haɗa hanya da tirela da tifa, kuma a nan ne wuraren juyawa suka yi nisa da juna, har direba ya ga gara ya bi hannun da ba nasa ba na ɗan taƙi da ya ƙona mai ya zagayo. A watan azumi, wanda a shekarun nan ya riƙa faɗowa cikin tsananin zafin bazara, sa'ar da ke gaban shan ruwa kan cika mini shafi ita kaɗai.

Kowa zai ce ai yamma lokacin tashi daga kasuwa ne, kuma gaskiya ne. Sai dai a kamfaninmu akwai wani dalilin da mu muka ƙirƙire shi da hannunmu. Doka ce a wancan lokacin cewa kowane direba ya kawo balas ɗinsa da kansa, kuɗi a hannu, kafin a rufe ofis ƙarfe shida. Wanda ya makara za a ci shi tara, wanda ya maimaita makara za a ƙwace mashin, ko da saura kaɗan ya gama biya. Don haka yaron da ƙarfe biyar ta yi masa a Dawanau bai cika kuɗinsa ba, abu biyu ne a gabansa, ya ƙara lodi fiye da ƙima, sannan ya yi gudun da zai iso kafin a ja ƙofa. Da na jera haɗurran yamma na dubi inda kowane mashin ya dosa, sai na ga mafi yawansu hanyar ofishinmu suka nufa.

Na rubuta wannan a takarda na kai wa manaja, tare da shawara mai sauƙi, cewa a bar direbobi su turo kuɗi ta waya ko su kawo washegari da safe, kuma a ɗage tara a watan azumi. Ya karanta shafin farko ya ajiye, ya ce, "Malam, akawu muka ɗauke ka ko lauyan direbobi?" Na ce, "Ranka ya daɗe, asarar kamfani ma a wannan lokacin ta fi yawa, lissafin yana shafi na biyu." Ya ce tsautsayi ba ya wuce ranarsa, kuma yaran nan idan aka sassauta musu yau, gobe ba za a ga ƙeyarsu ba. Ni ma na yi imani da ƙaddara kamar yadda ya yi, amma na lura bai taɓa barin ƙofar sito a buɗe ya ce sata ba ta wuce ranarta ba.

Ba a jima ba aka yi wanda har yanzu ban daina tunawa da shi ba. Wani direbanmu, magidanci mai ƙananan yara, wanda ban taɓa rubuta sunansa a littafin ɓarna ba tun da ya karɓi mashin, ya biyo hannun da ba nasa ba a Titin Zariya ana dab da rufe ofis, tifa ta yashi ta haɗa da shi. Fasinjojinsa biyu sun karye, shi kuma bai kai asibiti ba. Da aka kawo kayansa ofis, kuɗin balas na cikin aljihun gaban rigarsa, an jera su an naɗe da roba, cif yadda ake bukata, ya riga ya ware su daga cinikinsa. Tambayar farko da manaja ya yi wa wanda ya kawo labari ita ce ko injin ya taɓu. Washegari ya kira ni ya ce in rubuta "ganganci" a gurbin dalili, domin da wannan kalmar ce yarjejeniya ta ba kamfani damar bin wanda ya tsaya wa mamacin kuɗin mashin gaba ɗaya, kuma wanda ya tsaya masa yayansa ne, tela. Na ce zan rubuta cewa ya saɓa hannu, tunda haka ne, amma zan rubuta lokacin da inda ya dosa kamar yadda na saba. Ya karɓe littafin ya ba wani ya cike, ni kuma aka mayar da ni sito ina ƙirga tayoyi na tsawon watanni, aka kuma baza cewa direbobi na ba ni na goro.

Abin da hujja ta kasa yi, ƙarancin takardun naira na farkon 2023 ya yi shi. Da kuɗin hannu suka ɓace, fasinja ma da waya yake biya, dole kamfani ya buɗe asusu ya ce kowa ya turo kafin sha biyun dare. Wanda ke riƙe da littafin a lokacin bai iya lissafin gyara ba, sai aka dawo da ni, kuma da idona na ga shafukan yamma sun yi sauƙi. Haɗurran ba su ƙare ba, amma irin waɗancan na masu tsere da agogo sun ragu ƙwarai. A taron ƙarshen shekara manaja ya gabatar da sauyin a gaban masu kamfani a matsayin dabararsa ta zamanantar da aiki, aka yi masa tafi. Ban ce komai ba, sai dai takardar da na kai masa tana nan a wurina da kwanan watanta, kuma direbobin da suka daɗe sun san wanda ya fara faɗa.

Sauƙin bai daɗe ba, domin cire tallafin mai a ƙarshen Mayun 2023 ya ninka kuɗin fetur, kayan gyara suka bi shi, balas ya tashi. Daga nan littafin ya fara nuna wani sabon salo. Direba ba ya iya cika kuɗi da aikin yini ɗaya, sai ya ba ƙaninsa ko yaron unguwa ɗani ya yi masa 'yan sa'o'i, yaron da bai kai shekarun lasisi ba kuma bai san nisan da mashin mai lodi ke bukata kafin ya tsaya ba. Wasu suka koma kashe inji a gangarar gada don tsimin mai, wasu suka riƙa jinkirta sauya birki da taya har sai sun ga waya a jikin robar. Tun watan Yulin 2022 gwamnatin jiha ta hana adaidaita sahu aiki daga ƙarfe goman dare zuwa shida na safe, wanda ya rage mana haɗurran tsakar dare, amma sa'o'in da suka rage a cikinsu ne kowa ke neman cike giɓin.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kimanin mutum miliyan 1.19 ke mutuwa kowace shekara a haɗarin hanya, fiye da rabinsu masu tafiya a ƙasa ne da masu keke da babur da makamantansu, kuma shi ne kan gaba wajen kashe masu shekara 5 zuwa 29. Duk wanda ya tsaya a gindin ɗaya daga cikin gadojin saman Kano da yamma zai ga fassarar wannan. Gada ta kawar da cinkoson da ke tilasta wa mota tafiya a hankali, mota ta sauko da gudunta, a daidai wurin kuma ɗan sahu ke tsayawa sauke fasinja, 'yan makaranta da masu talla na tsallakawa. Ina ganin amfanin gadojin nan, amma a ra'ayina ba a gama aikinsu ba muddin ba a ware wurin tsayawa da wurin tsallakawa a ƙarshensu ba.

Sauran abubuwan da na koya ba su bukatar dogon bayani. Haɗarin da ke kai wa ga hukuma kaɗan ne daga abin da ke faruwa, domin yawanci a bakin titi ake sasantawa, a wuce wurin mai ɗori, saboda haka duk wani adadi da aka fitar ƙasa yake da gaskiya. Mutanen da suka taru don taimako kan ƙara wa mai rauni illa idan suka cicciɓe shi ba tare da kula da wuya da gadon bayansa ba. Direbobinmu kaɗan ne suka san lambar gaggawa ta Hukumar Kiyaye Haɗurra, 122, sai da na sa aka liƙa ta a cikin kowane mashin. Wa'azin safe da ake tara direbobi a yi musu kan illar gudu kuwa, ban taɓa ganin ya sauya shafi ɗaya ba muddin kuɗin da ake jira daga gare su bai sauya ba.

Wanda zai gaje ni ya sani cewa layin lokaci da wuri ba ya cikin ainihin tsarin littafin, da biro nake ja shi a kowane shafi, kuma babu wanda zai tambaye shi idan ya daina. Ina roƙonsa ya ci gaba, ya ƙara wani layin na wanda ke riƙe da mashin a lokacin da abin ya faru, domin matsalar ɗani ita ce ke tafe. Telan nan kuwa har yanzu yana biyan kuɗin mashin ɗin ƙaninsa wata-wata, na rubuta wa masu kamfani kai tsaye a yafe masa abin da ya rage, kuma zan ci gaba da bibiyar amsar ko bayan na bar wurin.